Yadda Ake Ƙera Wuƙa da Ƙarfen Tsofaffin Motocin Yaƙi

A da can, yawancin ƙarfen da maƙerin ƙasar Damagaram yake dukawa daga tama yake fitowa: a haƙo ta, a dafa ta da gawayi, a yi ta bugu har kashinta ya fita ya bar ƙarfen. Sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, ta yadda a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa ake ƙerawa a Zinder. Bayan da Faransawa suka kama garin a 1899, motoci kuma suka fara ratsa ƙasar, sai dafa tama ta yi ta ja da baya, domin tsohon ƙarfen mota ya fi araha, ba ya buƙatar haƙa ko dafawa, kuma akwai sassansa da suka fi ƙarfen tama riƙe kaifi. Tun daga lokacin sifirin mota, wato faifayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota ta ƙarƙashinta, ya zama abin da maƙeri yake fara nema idan an ba shi aikin wuƙa, adda ko gatari.

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 sun watsa irin wannan ƙarfe a wurare da dama. Daga 1940 zuwa 1943 sojojin Ingila, Italiya da Jamus sun gwabza a hamadar Libiya da Masar, suka bar motoci birjik a cikin rairayi. Daga Chadi ne kuma dakarun Faransa ƙarƙashin Kanar Leclerc suka tashi suka kama Kufra, a kudu maso gabashin Libiya, a watan Maris na 1941. A 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya a Fada da Wadi Dum, an sake barin tarin motoci da tankoki a arewacin Chadi. A ƙasar Filifin, sifirin jif-jif ɗin da Amurkawa suka bari bayan 1945 ya koma adduna a hannun maƙeran ƙauye. A Laos kuwa, inda Amurka ta zuba bama-bamai fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, mutane sun daɗe suna tsintar ɓaraguzan ƙarfe suna ƙera wuƙaƙe da kayan noma, kuma da yawa sun rasa rayukansu ko gaɓoɓinsu a wajen tsintar, saboda bama-baman da ba su tashi ba.

A ganina, cewa ƙarfe ya je yaƙi ba ya ƙara wa wuƙa kaifi, kuma bai kamata mai saye ya biya kuɗin labari ba. Abin da ke sa wuƙa ta yi kyau shi ne irin ƙarfen da aka zaɓa, da yadda aka bi da shi a wuta, musamman a wajen taurarawa da sassautawa. Bayanin da ke tafe na wuƙar aiki ce, irin ta yanka da fiɗa, mai ruwa kamar santimita 18.

Abin da ake ɗauka da abin da ake bari

Daga cikin kayan da yaƙi ya bari, sashen mota kaɗai maƙeri yake da hurumin taɓawa, shi ma wanda ya biyo ta halastacciyar hanya, wato motar da aka yi gwanjonta ko aka farfasa ta a gareji har sassanta suka isa hannun 'yan gwangwan. Duk abin da aka ƙera domin ya fashe, ko harsashi ne, ko ƙwanson igwa, ko nakiya, ko gurneti, ko wani rufaffen bututu da ba a ganin cikinsa, ba a ɗaga shi, ba a ƙwanƙwasa shi, balle a kai shi kusa da wuta. Tsufa ba ya kashe abin fashewa, sau da yawa ma ƙara masa saurin tashi yake yi, kuma tsatsar da ta lulluɓe shi ba ta nuna cewa cikinsa fanko ne. Wannan ba labarin nesa ba ne, domin an binne nakiyoyi a arewacin Nijar lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. Wanda ya ga irin wannan abu a daji ko a cikin tarin ƙarafa, sai ya ja da baya, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da jandarma ko soja.

Ko a jikin motar ma ba kowane ƙarfe ne yake yin wuƙa ba. Gangar jiki da ƙofofi ƙarfe ne mai laushi wanda sinadarin kabon ɗinsa bai kai ya taurara ba. Sulken tanka ya yi kauri, ga wuyar duka, kuma ba don riƙe kaifi aka haɗa shi ba. Ƙarfen da aka shafe da farin sinadarin hana tsatsa, irin na kwanon rufi da bututun ruwa, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ya ji wuta. Abin nema shi ne sifirin, waɗannan faifayen ƙarfe masu lanƙwasa da aka jera a ƙarƙashin mota domin su ɗauki nauyinta. Galibinsu suna da kabon wajen kashi 0.5 zuwa 0.6 cikin 100, da ɗan sinadarin kuromiyom ko silikon, kuma wannan haɗi shi ne yake ba da wuƙa mai kaifi wadda ba ta saurin karyewa. Sifirin ƙaramar mota irin jif ko Land Cruiser, mai kaurin milimita 6 zuwa 8, ya fi sauƙin aiki; na manyan motoci irin su Berliet da Mercedes yana iya wuce milimita 12, kuma rage shi da hannu yana cin gawayi da ƙarfin mutum biyu.

A wajen saye a duba faifan da idon basira. Sifirin da ya yi shekaru yana lanƙwasa yana miƙewa a kan hanyar Tanut da Agadas ya gaji, kuma gajiyarsa tana bayyana ne a matsayin siraran tsaguwa, yawanci kusa da ramin ƙusar tsakiya da kuma ƙarshen da aka naɗe. A goge wurin da burushin waya, a kai shi rana, a duba gefe da gefe. Faifan da ya riga ya karye a kan mota a bar shi, domin abin da ya karya shi yana iya kasancewa a sauran jikinsa. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma wadda ta ci ƙarfen ta yi ramuka masu zurfi za ta bi wuƙar har ƙarshe. A rataye faifan da igiya a buga shi da guduma: lafiyayye yana yin amo mai tsawo, mai tsaguwa kuwa amonsa a dakushe yake fita ya tsaya nan take.

Gwaji kafin aiki

Kada a fara ƙira sai an gwada. Idan akwai injin gurza ƙarfe a kusa, a ɗora gefen faifan a kai a kalli tartsatsin: ƙarfe mai laushi yana fitar da dogayen layuka marasa rassa, mai kabon kuwa tartsatsinsa yana fashewa ya yi rassa da yawa a ƙarshe. Wannan alama ce kawai. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a yanki guntu mai tsawon yatsa, a buge shi ya koma kaurin milimita 3, a gasa shi har mayen ƙarfe ya daina kama shi, a tsoma a mai. Idan ya huce a goga masa magagari. In magagarin ya zame yana ƙara ba tare da ya ci ba, ƙarfen ya taurara. Daga nan a naɗe guntun da tsumma domin kare ido, a ɗora shi a bakin uwar maƙera a buge shi ya karye, a kalli wurin karayar: idan ya fito ruwan toka, sumul kamar garin da aka tankaɗe, zafin ya yi daidai, idan ya fito da manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, wuta ta yi masa yawa, idan kuwa lanƙwashewa ya yi maimakon ya karye, wannan ba ƙarfen wuƙa ba ne, sai a ajiye shi don wani aiki.

Kayan aikin su ne waɗanda aka sani a kowace maƙera: uwar maƙera, masaba, ƙaramar guduma, awartaki mai kama faifai sosai, kurfi, magagari mai kaushi da mai laushi, zuga-zugi ko fankar hannu, mayen ƙarfe, da gwangwanin mai mai murfi. Gawayin ƙirya shi ne wanda maƙera suka fi yabawa saboda zafinsa da jimirinsa, sai dai itacen ya yi ƙaranci, don haka kowane gawayin itace mai tauri zai yi, muddin ya bushe kuma an farfasa shi ƙanana daidai wa daida domin wuta ta lulluɓe ƙarfen ta kowane gefe. Idan akwai tsohon fenti a jikin faifan, a fara ƙone shi a fili inda iska ke kaɗawa, mutum yana tsaye ta inda hayaƙin ba zai same shi ba, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma.

Duka

Daga faifai mai kaurin milimita 6, guntu mai tsawon santimita 16 da faɗin santimita 3 ya isa wuƙar da wutsiyarta, wato siririn ƙarfen da zai shige cikin ƙota. A gasa faifan ya yi ruwan goro, mai riƙe da awartaki ya kafa kurfi a kan layin, mai masaba ya buga. Kada a yanke har ƙasa a kan fuskar uwar maƙera. Idan ya kusa rabuwa a juya shi a karya a gefe. Sa'an nan a miƙar da lanƙwasar sifirin tun yana da zafi.

Launin ƙarfe a cikin wuta shi ne ma'aunin maƙeri, shi ya sa maƙera take son inuwa. Ana dukan ƙarfen sifirin tsakanin ruwan goro mai haske da ja wur, wato daga wajen digiri 1,100 zuwa 850. Da zarar ya koma ja mai duhu a mayar da shi wuta, domin dukansa a wannan hali yana haifar da tsaguwar da ba za a gani ba sai ranar taurarawa. Idan kuma aka bar shi ya yi fari har ya fara tartsatsi a cikin wuta, ya ƙone, kuma wurin da ya ƙone yankewa ake yi a yar. A nan mai zuga yake da muhimmanci. Yaron da ke zuga ya riƙa kallon ƙarfen, ba bakin titi ba, kuma idan maigida ya ce masa "sassauta, yaro", ya sassauta nan take, domin ƙarfe mai siranta yana ƙonewa cikin ɗan lokaci.

A fara da tsini. A tsayar da guntun a kan gefensa, a buga kusurwar ƙarshe tana shigewa ciki, a kwantar da shi a daidaita kaurin da ya taru, a sake tsayarwa, haka har tsinin ya fito. Idan aka yi gaggawa gefuna biyu suka naɗo suka rufe tsakiya, bakin zai tsage, kuma gyaransa shi ne a gurje wurin kafin a ci gaba. Bayan tsini sai wutsiya. A juya ƙarfen, a auna kamar santimita 4 daga ɗaya ƙarshen, a ɗora a gefen uwar maƙera a matse shi sama da ƙasa, a ja shi har ya kai santimita 11 ko 12, mai faɗi a gindi, yana sirancewa zuwa ƙarshe. Kafaɗar da ke tsakanin ruwan wuƙa da wutsiya ita ce wurin da wuƙaƙe suka fi karyewa, saboda haka kada a yi mata kusurwa mai kaifi, a bar ta da ɗan zagaye.

Sai fitar da kaifi, wanda shi ne aikin da ya fi buƙatar haƙuri. A kwantar da ƙarfen kusa da bakin uwar maƙera, a ɗan ɗaga bayansa, a karkata gudumar daidai da wannan karkata, a bi gefen da duka daga gindi zuwa tsini. Yawan bugun da aka yi a wannan fuska shi za a yi a waccan, in ba haka ba kaifin zai karkace ya bar tsakiya. Za a lura cewa yayin da gefen kaifi yake sirancewa yana faɗaɗa, wuƙar tana lanƙwashewa ta baya, domin gefen ya fi bayan tsawo. Wuƙar fiɗa tana son kaɗan daga wannan lanƙwasa, amma idan ta yi yawa sai a gasa, a ɗora bayan wuƙar a kan kututture, a buga gefen kaifin da sandar itace a hankali har ta miƙe. Itace ba ya lotsa gefen kamar yadda guduma za ta yi. Ƙwararru kan lanƙwasa ƙarfen ta gaba tun kafin su fara, domin duka ya dawo da shi daidai. A riƙa share ɓawon da ke zuba a kan uwar maƙera, domin idan aka buga shi ya shige jikin wuƙar zai bar ramuka. A dakata idan bayan wuƙa ya kai milimita 4 a gindi, gefen kaifi kuma milimita 2.

Ƙarfen da ya sha wuta da duka yana buƙatar a kwantar masa da jiki. A gasa wuƙar gaba ɗaya har mayen ƙarfe ya daina kama ta, a fitar a riƙe a iska har jan ya ɓace ta yi baƙi, a maimaita sau uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Wannan yana mayar da ƙwayoyin ƙarfen ƙanana, kuma yana rage karkacewa a wajen tsomawa. Masu gaggawa suna tsallake shi, amma ban ga dalilin da zai sa a yi asarar aikin yini guda don ƙyashin gawayin da bai cika tafi biyu ba. A karo na ƙarshe a gasa ta ta yi ja, a tura ta cikin toka mai ɗumi a bar ta ta kwana, domin ta yi laushin da magagari zai ci.

Washegari a gurje ɓawon, a daidaita siffar da magagari mai kaushi, a bi da mai laushi. A bar gefen kaifi da kaurin milimita 1. Idan aka wasa shi tun yanzu zai ƙone a wuta ko ya yi kwana-kwana a cikin mai. Zanen magagari mai zurfi da ya gitta kaifin a goge shi, domin daga irinsa tsaguwa take farawa. Duk ramin da ake so a huda, yanzu ne lokacinsa.

Taurarawa da sassautawa

A nan ake samun wuƙa ko a rasa ta. A yi aikin da magariba ko a cikin inuwa mai duhu, domin a hasken ranar Zinder ƙarfen da ido yake gani ja mai duhu ya riga ya wuce zafin da ake so. A tanadi mai lita 3 ko fiye a gwangwanin ƙarfe mai zurfin da zai haɗiye wuƙar, a ɗumama shi ta hanyar tsoma wani jan ƙarfe mai zafi har ya kai yadda yatsa zai ji ɗumi sosai amma bai ƙone ba, wajen digiri 50. Mai mai ɗumi ya fi mai sanyi tsinkewa, don haka ya fi saurin janye zafi, musamman da sanyin hunturu. Man gyaɗa ya fi baƙin man mota, wanda hayaƙinsa yake cutar da ƙirji kuma yake ɗauke da dattin inji. Murfin gwangwanin da bokitin yashi su kasance kusa da hannu, domin mai yana iya kamawa da wuta, kuma wutar mai rufe ta ake yi, ba a zuba mata ruwa.

Maƙera da yawa da ruwa suke taurara fartanya da gatari, kuma wanda ya gaji sana'ar yana iya tsoma bakin wuƙa kaɗai a ruwa ya fitar da ita lafiya. Amma ƙarfen sifirin, saboda sinadaran da aka haɗa masa, ba ya buƙatar sanyi mai sauri haka, kuma ruwa yakan tsaga shi, wani lokaci har a ji ƙarar tsagewar a cikin bokiti. Mai koyo ya tsaya a kan mai.

A shimfiɗa garwashi mai tsawon wuƙar, a rage zuga, a sa wuƙar bayanta a ƙasa kaifinta a sama, a riƙa ja da turawa domin zafi ya game ta. Tsini ya fi saurin ɗaukar zafi, don haka a bar shi a wajen tsakiyar wuta sai gindin ya fara ja. A riƙa fitarwa ana taɓa mayen ƙarfe. Ƙarfe yana daina kama mayen ƙarfe a wajen digiri 770, sifirin kuwa yana son ya ɗan haura haka, kamar digiri 830, saboda haka idan mayen ya saki sai a mayar da wuƙar wuta, a bari launinta ya ƙara haske kaɗan, a tabbatar launi ɗaya ne daga gindi har tsini babu wani duhu a tsakani. Sa'an nan a ɗauke ta a tsoma a mai ba tare da jinkiri ba, tsini a gaba, a tsaye cak. A motsa ta sama da ƙasa, ko gaba da baya ta fuskar kaifi, amma ban da gefe da gefe, domin hakan yana sanyaya fuska ɗaya kafin ɗaya ya karkatar da ita. A kawar da fuska daga bakin gwangwanin. A bar ta a ciki har man ya daina tafasa ta huce yadda za a iya riƙe ta da tsumma, sa'an nan a goge a gwada da magagari. Idan ya zame a duk tsawon kaifin, an dace. Idan ya ci a wani wuri, a sake kwantar da ƙarfen sau ɗaya a maimaita.

Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri amma ba ta da jimiri, in ta faɗi a kan dutse tana iya karyewa, kuma ko ajiye ta aka yi haka nan tana iya tsagewa da kanta kafin gari ya waye. Don haka a sassauta ta a wannan daren. A goge fuska ɗaya da takardar yashi ko dutse har farin ƙarfen ya bayyana, a wanke maiƙon. A gasa wani ƙaton ƙarfe ya yi ja, a fitar da shi, a jingina bayan wuƙar a kansa kaifin yana sama, a zuba ido. Launi zai fara fitowa daga baya yana tafiya zuwa kaifi: da farko ruwan zuma mai haske, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Abin da ake so shi ne kaifi ya tsaya a ruwan zuma, wato digiri 200 zuwa 230, baya kuma ya kai shunayya ko shuɗi, kusan digiri 300, domin kaifi ya riƙe taurinsa, baya kuma ya iya shanye bugu. A riƙa matsar da wuƙar a kan ƙarfen, a kula da tsini domin shi launi yake fara cimmawa. Da zarar ruwan zuma ya sauka a kan kaifi a ɗauke ta a tsoma a mai. A sake gogewa a maimaita karo na biyu. Idan aka yi sakaci shuɗi ya kai kaifi, wuƙar ba za ta riƙe wasa ba, sai an koma taurarawa daga farko. Wanda yake da murhun gashi mai ma'aunin zafi yana iya sa ta a digiri 200 na awa guda, ya bari ta huce, ya sake awa guda. Ko ta wace hanya aka bi, wutsiya da kafaɗa a kai su shuɗi sosai, ana naɗe da ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙota, wasa da kube

Itacen ƙota ya zama busasshe ƙayau, irin aduwa, marke ko kanya. Ɗanye zai ƙanƙance ya saki wutsiya kafin damina ta zagayo. Ƙaho ma yana yi. A huda ramin da bai kai wutsiyar faɗi ba, a gasa wani ƙarfe mai siffarta a ƙona ramin da shi kaɗan-kaɗan, a kakkaɓe gawayin da ya taru a ciki, har wutsiyar ta shiga da ɗan matsi. Yin haka ya fi gasa ita kanta wutsiyar, domin zafi yana iya gangarowa ya lalata taurin kaifi. A bakin ƙotar a sa zobe domin kada itacen ya tsage. Akwai masu sha'awar yin zoben da ƙwanson harsashi saboda kyan tagullarsa, amma guntun bututun jan ƙarfe irin na tsohon firji yana yin aikin, kuma babu wanda zai tuhumi mutum a kansa. A bar ƙarshen wutsiya ya leƙo da milimita 3 a gindin ƙota, a sa masa ƙaramin faifan ƙarfe mai rami, a tausa shi da ƙaramar guduma har ya baje ya riƙe. Sai a sassaƙa ƙotar daidai tafin hannu, a shafa mata mai.

A wajen wasa, dutse da ruwa sun fi injin gurza, domin inji yana iya zafafa bakin ya mayar da shi shuɗi cikin ƙiftawar ido. A kwantar da wuƙar a kan dutse, a ɗaga bayanta kamar digiri 20, a goga fuska ɗaya har yatsa ya ji wani ɗan ƙaiƙayi ya naɗo a ɗaya fuskar daga gindi zuwa tsini, sa'an nan a juya. A koma dutse mai laushi, a ƙarasa a kan fata. Daga nan a gwada ta a kan busasshen itace da igiya. Idan bakin ya ɓalle ƙanana-ƙanana, taurin ya yi yawa, a ƙara sassautawa. Idan ya naɗe, ya yi laushi.

Kube aikin baduku ne, kuma dukawan Zinder sun yi suna a kansa. A kai masa wuƙar da kanta domin ya auna, a roƙe shi ya sa wata tsiriyar fata mai kauri a tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi domin kada wuƙar ta yanke zaren, kuma kada a mayar da ita ciki sai fatar ta bushe sarai, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana baƙanta ƙarfe idan akwai laima. Ƙarfen sifirin yana tsatsa, jini da gishiri da lemun tsami kuma suna gaggauta ta. Bayan kowane yanka a wanke wuƙar, a tsane ta, a shafa mata ɗigon man gyaɗa. Wadda ake ajiyewa daga Layya zuwa Layya a cire ta daga kube, a naɗe ta a tsumma mai maiƙo, a duba ta sau ɗaya ko biyu a cikin damina.